Kawuna Ba Gangar Jiki: Sharhi a Kan Littafin Bernard Fagg Game da Nok

A shekarar 1977 ne Bernard Fagg ya fitar da littafinsa mai suna Nok Terracottas, wanda ya daɗe yana zama madogarar malamai da ɗalibai a kan al'ummar da ake kira Nok. Babu mai musun cancantar marubucin. Shi ne a 1943 aka kawo wa wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙar kuza ya kafa a gonarsa ta doya don korar ɓarna. Fagg ya lura da kamannin da ke tsakaninsa da wani kai da aka tono kusa da ƙauyen Nok tun 1928, ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ne. Shi ne kuma ya tsaya aka buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne wajen siffanta kayan: idanu masu kusurwa uku, ƙwayar ido da hanci a huje, kitso iri-iri, da kai wanda ya yi wa jiki girma. Amma a nan ne rauninsa yake. Akasarin abin da Fagg ya yi nazari a kai daga ramukan kuza ya fito, wato kayan da ruwa ya riga ya kwaso daga mazauninsu ya cakuɗa da tsakuwa. Wanda ya tsinci kai a kwari ba zai iya faɗin ɗakin da aka ajiye shi ba, balle dalilin ajiye shi. Saboda haka mai karatu yakan rufe littafin ya san fasalin idon mutum-mutumin, amma bai san abin da maginin ya ci ya kwana ba. Ko sunan ma na haɗuwa ne kawai, domin Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna, inda aka fara tsintuwar. Gaskiya Fagg ya yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi da tonon da ya yi a Taruga cikin shekarun 1960, inda ya sami wuraren narka tama, sai dai wuri ɗaya bai isa a yi wa ƙasa mai faɗi hukunci da shi ba.

Binciken da Peter Breunig da Nicole Rupp na Jami'ar Frankfurt suka soma a 2005 ya nuna girman abin da aka rasa. Fagg ya sanya zamanin Nok tsakanin shekara ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa da ta 200 bayanta. Sabon tonon ya mayar da farkonsa wajen 1500 kafin haihuwar, ya kuma nuna ginin mutum-mutumin bai kankama ba sai wajen 900. Ashe manoma ne masu gero da wake da atili, a ƙananan ƙauyuka. A 2021 aka tabbatar da ɓurɓushin kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu. Bugu da ƙari, mutum-mutumin da aka iske a mazauninsu kusan duk a farfashe suke cikin ramuka, abin da ya sa masu binciken suke ganin da gangan aka fasa su, wataƙila don wata al'ada ta binne matattu. Kan da ake sanyawa cikin gilashi a yi masa hoto shi kaɗai, guntu ne daga cikin wannan tarin.

Wannan sabon lissafi ya kuma raunana ra'ayin da Frank Willett ya ƙarfafa a 1967, cewa fasahar Ife daga Nok ta samo asali, tun da yake fiye da shekara 1,000 ke tsakaninsu.

Ba za a ɗora wa Fagg laifin ɓarayi ba, amma kallon Nok a matsayin kawuna masu ban sha'awa shi ne kallon da kasuwar Turai ta ɗauka. Masu tonon sata sun birkice kufai da dama suna neman kai, suna watsar da gawayi da tsingaro, alhali da su ne ake gane shekaru. Har gidan tarihi na Louvre a Faransa ya baje irin waɗannan kaya a shekarar 2000, sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.