Kaba da goriba: suna biyu, itace guda

Ya kai mai karatu, in kai mutumin Gamu ne ko wani gari na ƙasar Gure, ka san kaba, ka san goriba. Amma sau da yawa za ka ji masu wa'azin tsaron daji suna ambaton goriba kaɗai, su manta da kaba. Wannan kuskure ne, kuma yana da lahani.

A littafin masana suna ɗaya gare su: Hyphaene thebaica. Gaskiyarsu, itace guda ne. Amma Bahaushe bai raba sunan a banza ba.

Kaba ita ce ƙarama, wadda ganyenta ke fitowa dab da ƙasa, ba ta yi gangar jiki ba tukuna. Ganyen da aka yanko ma kaba ake ce masa. Da shi kake saƙa tabarma, ka tuƙa igiya, ka yi malfa.

Goriba kuwa ita ce wadda ta girma ta miƙe. Dubi kanta: tana rabuwa reshe biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Giginya da dabino ba su yin haka. Akwai namiji, akwai mace, macen ce ke ƴaƴa. Yara su gwagwiyi bayan, su yar da ƙodago. Daga ƙodagon nan kaba ke tsirowa.

To, ka ga inda zancen yake. Dokar daji ta Nijar ta 1974 ta sa itacen nan cikin waɗanda aka hana sarewa ba da izini ba. Mai gatari ya ji, ya ji tsoro. Mai lauje kuwa ya ce: "Ni kaba nake yanka, ina ruwana da goriba?" Ya yanke ganye duka har da ɗanyen tsakiya, bana da baɗi. Kabar da ake yi wa haka ba ta zama goriba. Tsofaffin itatuwa su mutu, babu magaji, rairayi ya gangaro cikin kwari ya binne garka.

Saboda haka mai rubutu da mai wa'azi su riƙa faɗin sunayen biyu tare. Kai kuma, in ka je yankan kaba, ɗebi ganyen gefe, ka bar na tsakiya. Cikin kowane gungu ka zaɓi guda mai ƙarfi ka ƙyale ta ta miƙe. Jikokinka su za su sha inuwarta.