Kafin ka ce wane zai ɗauki kofi, ƙirga 'yan bencinsa

A Angwan Iya, nan Keffi, gidan kallo na ƙwallon ƙafa ne. Ranar da Arsenal ko Manchester United ke wasa ba ka samun wurin tsayawa, amma ƙwallon kwando sai dai kowa da wayarsa. Mu kaɗan ne, kuma lokacinmu dare ne. Wasan da ake farawa takwas da rabi na yamma a gabashin Amurka, mu ɗaya da rabi na dare yake iske mu, ya ƙare ana shirin kiran assalatu. Daga tsakiyar Afrilu zuwa Yuni, lokacin wasannin fitar da gwani na NBA, haka nake kwana: waya jingine da filo, na cika mata caji tun da rana saboda halin wuta, murya ƙasa-ƙasa don kada in tashi yara.

'Yan shekarun nan an samu ƙarin masu maganar wasan, musamman ɗaliban jami'ar jihar da ke zaune a cikin gari. Na ji daɗin haka ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda hasashen nasu yake fitowa. Mafi yawa ba su taɓa zama sun kalli wasa daga farko zuwa ƙarshe ba. Guntun bidiyo na daƙiƙa talatin suke gani da safe, sai jerin maki, sai kuma manhajar caca da ke gaya musu wanda ya fi tsada. Daga nan sai a yanke hukunci da sunan tauraro.

A watan Afrilun 2025 wani ƙanina ya same ni wurin mai shayi, ya ce, "Yaya, bana ai Lakers ce. Ga LeBron, ga Luka, wa zai tare su?" Na ce masa, "To idan sun gaji wa zai shigo? Kuma wa zai tsare ƙarƙashin kwando, tunda an ba da Anthony Davis aka karɓo Luka?" Ya ce manya ba sa gajiya. Minnesota ta fitar da su a wasa biyar, ta ci huɗu suka ci ɗaya. A wasa na huɗu kocinsu, JJ Redick, bai canja ko mutum ɗaya ba tun daga dawowa hutun rabin lokaci har aka tashi, don bai yarda da waɗanda ke zaune a bayansa ba. A minti biyar na ƙarshe ana ganin ƙafafu sun yi nauyi. A wasa na biyar Rudy Gobert, wanda masu guntun bidiyo suka saba yi wa dariya, ya ci maki 27, ya kuma cafe ƙwallo 24 daga jikin kwando, saboda babu dogon da zai tsaya masa.

Wannan shi ne abin da nake son masu hasashe su gane. A fitar da gwani ba sau ɗaya ake haɗuwa ba. Ƙungiya biyu za su yi ta karawa, wadda ta riga cin huɗu ita ke wucewa, ko da za a kai wasa bakwai. Sai ka ci irin wannan karawar har sau huɗu, wato wasa goma sha shida, kafin ka taɓa kofi, bayan wasa 82 na kaka. A cikin mako biyu da abokin hamayya ɗaya babu abin da za ka ɓoye. Idan kana da mutum ɗaya da ba ya iya tsaro, za a yi ta jawo shi gaban gwaninsu har sai kocinka ya zaunar da shi. Idan kana da wanda ba ya iya jifa daga nesa, za a bar shi shi kaɗai a je a taru a kan tauraronka. Don haka tambayar ba ita ce wa ya fi kowa iyawa ba. Tambayar ita ce: mutum nawa kake da su da za su iya zama a fili a watan Mayu ba tare da an mai da su ƙofa ba?

Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiya bakwai daban-daban suka ɗauki kofin: Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston, Oklahoma City. Babu wadda ta maimaita. Akwai dalili. Yarjejeniyar da gasar ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta tsananta wa duk wadda albashinta ya haura wata iyaka, har da hana ta wasu hanyoyin saye da musaya. Shi ya sa Boston, shekara ɗaya bayan ta ci kofi, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis. Zamanin tara manyan taurari uku a cike sauran gurbi da duk wanda aka samu ya wuce.

Mu ma ai bai kamata wannan darasin ya zame mana baƙo ba, don ɗan Zariya ne ya fara rubuta shi. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma a can ya koyi wasan, shi ya gina Toronto ta 2019. Kowa na tuna jifan Kawhi Leonard da ya yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ya faɗa, aka fitar da Philadelphia a wasa na bakwai. Amma ku duba waɗanda ke kewaye da shi: Kyle Lowry, Pascal Siakam ɗan Kamaru, Marc Gasol da aka kawo a Fabrairu, sannan Serge Ibaka da Fred VanVleet suna tasowa daga benci. Da aka zo wasan ƙarshe, Golden State mai manyan sunaye ta rasa Kevin Durant, agararsa ta tsinke, ta rasa Klay Thompson a gwiwa, kuma babu masu maye gurbi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Maganar agara kuwa ta zama abin tsoro. A fitar da gwanin 2025 kaɗai ta tsinke wa Damian Lillard, ta tsinke wa Jayson Tatum na Boston, ta tsinke wa Tyrese Haliburton na Indiana. Na Haliburton a kan idona ya faru, daren 22 ga Yuni a can, mu nan 23 ta riga ta shiga. Wasa na bakwai ne, na kofi, kuma ba a gama zangon farko ba ya faɗi yana dukan ƙasa da hannu. Na ajiye wayar na ɗan jima ban ɗauka ba. Duk da haka Indiana ce ke gaba da maki ɗaya a rabin lokaci, domin ita ma ƙungiya ce mai yawan hannu, kafin Oklahoma ta danne ta 103 da 91. Wasan yanzu gudu ne ba tsayawa, ana tsaro tun daga nesa saboda jifa mai maki uku, kuma jikin ɗan Adam yana da iyaka. Duk kocin da ke barin mutum biyar su yi minti arba'in-arba'in tun daga Disamba, bashi yake ci wanda zai biya a Mayu.

To ga nawa hasashen na kakar 2025/26, da wannan ma'aunin.

A shiyyar Yamma Oklahoma City nake gani. Ba don Shai Gilgeous-Alexander kaɗai ba, ko da yake shi ya zama gwarzon kaka kuma gwarzon wasan ƙarshe a shekara ɗaya. Abin da ya sa suka ci wasa 68 a kakar 2024/25 shi ne tsaro. Lu Dort zai gajiyar da kai, a zaunar da shi a kawo Cason Wallace, a zaunar da shi a kawo Alex Caruso, kuma a bayansu ga Chet Holmgren da Isaiah Hartenstein. Ƙwallon da suke ƙwacewa ita ce abincinsu. Wadda nake jin za ta fi ba su wuya ita ce Denver. Sun kai su wasa bakwai a Mayun 2025 da mutum shida kacal da ake iya dogara da su, Aaron Gordon kuma yana ɗingishi da ciwon bayan cinya. A wasan na bakwai aka sa Caruso, wanda Nikola Jokic ya fi shi tsawo da nauyi nesa ba kusa ba, ya riƙa shiga gabansa yana hana a miƙa masa ƙwallo, aka tashi 125 da 93. Denver ta gane ciwonta, ta kawo Cam Johnson da Jonas Valanciunas da Tim Hardaway, ta dawo da Bruce Brown. Idan suka sake haɗuwa ina ganin wasa bakwai kuma, kuma wadda za a yi na bakwan a gidanta ita za ta wuce. Houston ta Ime Udoka, wanda ya taɓa sa rigar Najeriya, tana da tsawo da ƙarfi kuma ta samu Durant, amma raunin gwiwar VanVleet ya bar ta ba mai riƙe ƙwallo idan wasa ya matse. Zagaye na biyu nake ba ta. Zuciyata na son ta wuce haka, don Houston ce gidan Hakeem Olajuwon, wanda a 1995 ya taso daga matsayi na shida ya ɗauki kofi, abin da har yanzu ba wanda ya sake yi.

A Gabas, da Tatum da Haliburton suna jinya a farkon kakar, ƙofa ta buɗe. Cleveland ta ci wasa 64 a kakar 2024/25 amma Indiana ta fitar da ita a wasa biyar, kuma a farkon kakar 2025/26 ban ga abin da ya canja a 'yan bayanta biyu gajeru da ake farauta ba. New York nake zaɓa. Ta kai wasan ƙarshe na shiyya a 2025, karon farko tun 2000, amma mutum biyar aka riƙa hawa kamar jakin kasuwa. A 2025 ta ɗauki Mike Brown a matsayin koci, mutumin da ya jagoranci Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a Yulin 2021, ranar da muka jefa masu maki uku har ashirin, ba tare da tauraro ko ɗaya irin nasu ba. Ya san amfanin yawan hannu. Idan ya sauke wa Jalen Brunson da OG Anunoby nauyi tun da wuri, za su kai wasan kofi. A can kuwa Oklahoma nake ba wa, a wasa shida.

Akwai wani abu da ke min ciwo duk sanda na gama irin wannan lissafi. Ina iya faɗin mutum na takwas a bencin Oklahoma, amma irin wannan nazarin ba ya yiwuwa a gasarmu ta gida. Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta zo ta uku a Afirka a 2016 a Alƙahira. Shekara ɗaya bayan haka hukumar wasan ta rabe biyu, aka yi zaɓe a Kano aka yi wani a Abuja, gasa ta riƙa tsayawa tana tashi. Ko an yi, sai a tara ƙungiyoyi a gari ɗaya na 'yan kwanaki a fitar da zakara. Rivers Hoopers ta zo ta uku a gasar BAL ta Afirka a 2024, amma can ma sili-ɗaya-ƙwale ake yi. Ba a ba koci damar ya sha kashi ranar Talata, ya gyara, ya rama ranar Alhamis. Da za a ce Pillars da Hoopers su kara ko da sau biyar ne, biyu a Kano, biyu a Fatakwal, na biyar a gidan wadda ta fi maki, da gidan kallon unguwarmu ya kunna, kuma da rana.

Ƙanin nan nawa ya dawo kwanan baya da takardar caca a hannu, yana so in duba masa. Na ce ba zan duba ba, kuma ba na son ganinta a hannunsa. Na ce idan hasashe yake so ya koya, ya zo ɗakina ranar wasan farko da ƙarfe ɗaya na dare, ya zo da biro da takarda. Aikinsa ɗaya ne: duk sanda aka zaunar da tauraro, ya rubuta maki nawa ne a allo, idan an dawo da shi ya sake rubutawa. Ya ce, "Yaya, in sha Allahu zan zo." Na ce ya yi barcin rana.