Jinjina ga Tafintocin Matatar Damagaram

Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, arewa da Damagaram, harsuna uku ke gogayya a wuri ɗaya. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40. Injiniya na magana da Sinanci, takardun ofis da Faransanci, lebura ko direban tanka daga Magarya ko Dungas kuwa Hausa ce bakinsa, wani ma allo kaɗai ya yi.

A tsakaninsu tafinta yake tsaye, hular kwano a ka, ƙarar inji na cika kunne. Kalma ɗaya ta kuskure, a buɗe bututun da aka ce a rufe, a wurin da aka gina don tace ganga 20,000 a rana! Shi ya sa tafinta nagari ba ya gaggawa. Zai faɗa, ya nuna da hannu, ya sa ma'aikacin ya maimaita.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabin da yake ƙarawa. Umarni ya fito a bushe, shi kuma sai ya fara da “sannu da aiki, Malam” kafin ya isar da saƙon, bai rage komai ba.