A Bar Itace Ya Nuna Fuskarsa

Kayan ado na itace sun dawo cikin gidajenmu, kuma ina murna da hakan. Akwatin turare, firam ɗin hoto, mazaunin Alƙur'ani, ɗan akushi da ake ajiye dabino a falo, duk sun samu kasuwa, har an fara raba su a wajen biki a madadin robobi. Abin da ke damuna shi ne yayin da ya biyo bayansu, wato ƙyalli. Komai sai an labta masa banish mai kauri har ya riƙa walƙiya kamar gilashi, kuma mai saye ya saba, idan abu bai ɗauki ido ba sai ya ce ba a gama aikin ba.

Ni dai ina ganin wannan ƙyallin kyan ɗan maciji ne. Banish mai kauri yana rufe laifi. Yana ɓoye ɗanyen katako, yana ɓoye ramin da aka cike da garin katako da gam, yana ɓoye itacen banza da aka rine. Sai hunturu ya kama, iska ta bushe, itacen ya tsuke, fatar banish ta tsage ta fara ɓarewa. A lokacin ne mutum zai ga abin da ya saya.

Masassaƙan da muka gada ba haka suke aiki ba. Kafin gizago ya taɓa itace an riga an san abin da zai zama. Ƙirya ta turmi ce da taɓarya saboda taurinta, shi ya sa ma maƙera ke son gawayinta. Aduwa ta allo ce, domin fuskarta na yin santsi, tana karɓar tawada, tana jure wanki. Danya tana da sauƙin fafewa, sai ta tafi akushi, a babbaka bayansa ya yi baƙi, a murza masa mai. Baƙin akushi na wuta ne da mai da hannun da ya daɗe yana ɗaukarsa, babu gwangwanin fenti da zai ba ka irinsa. Duk wanda ya zaga ɓangaren kayan gargajiya a Kasuwar Kurmi ta Kano, ya ɗauki tsohon akushi a hannu ɗaya da sabo mai ƙyalli a ɗayan, nauyinsu kaɗai zai gaya masa bambancin.

Ga ƙaramin aikin ado, maɗaci ne zaɓina na farko. Jansa na ƙara nuna da shekaru, kuma yana karɓar zane ba tare da ya farfashe ba. Wanda bai samu ba kada ya raina dogon yaro: dangin maɗaci ne, gara ba ta cika son sa ba, ga shi a kowace unguwa, reshen da aka sassabe ma ya isa akwatin zobe. Kanya kuwa a yi hattara. Zuciyar tsohuwar bishiya ce ke yin duhu, kuma da yawa daga baƙaƙen kayan da ake tallatawa da sunanta farin itace ne da aka shafe da man goge takalmi. Juya abin, ka karce ƙasansa da farce ko makulli, za ka ga gaskiya.

Madobiya ce nake roƙon a ɗaga wa ƙafa. Tana da kyau, babu musu, amma kyan nan ne ya sa aka yi ta sare ta ana lodawa zuwa Sin, dazuzzukan Taraba suka sha wuya, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tun 2017. Guntayen da suka rage a shagon kafinta da ƙafar tsohon gado sun wadatar da mai ƙaramin aiki.

Bushewa ita ce rabin aikin, kuma ita ake yi wa gaggawa. A ajiye itace a inuwa, a shafe bakinsa biyu da kakin zuma don kada ya tsage, a riƙa ɗora shi a sikeli. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya shirya. Daga nan a goge shi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana bin tsawon jijiyar itacen. Sai a narka kakin zuma da man kaɗe, a shafa kaɗan da tsumma, a bari ya sha, a murza har hannu ya ji ɗumi. Man gyaɗa kam a bar shi a kicin, yana daɗewa sai ya canza wari ya riƙa kama ƙura.

Ban ce banish haramun ne ba. Farantin da za a ɗora wa kofin shayi yana buƙatar kariya daga ruwa, kuma kaki ba zai iya wannan ba. A nan a shafa shi siriri, sau biyu ko uku, ana gogewa tsakanin kowace shafa. Amma abin da za a zuba wa abinci, ko akwatin da zai zauna kusa da kaskon turaren wuta, mai da kaki sun fi masa. Za su dushe bayan wasu watanni, sai a sake shafawa, aikin minti biyar ne.