Kukan ya isa, a nuna mana hannuwanta

Ina murna da yadda masu shirya fim suka juyo kan rayuwar mata a 'yan shekarun nan. Hauwa Kulu na Ali Nuhu ya taɓo fyaɗe a 2019, lokacin da gidaje da yawa ke rufe maganar don gudun abin kunya. The Milkmaid na 2020 ya bi Aisha, 'yar Fulani mai tallar nono, tana neman 'yar'uwarta Zainab bayan 'yan tada ƙayar baya sun tarwatsa ƙauyensu, jaruma Maryam Booth kuma ta ci kyautar finafinai ta AMAA da shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda yawancin finafinan Kannywood suka ɗauki juriya. A wurinsu mace mai juriya ita ce wadda ta zauna bakin gado tana share hawaye da gefen mayafi, kiɗa na tashi a hankali, uwa na cewa “ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne”, har wani Alhaji ya zo da mota ya cece ta.

Matan da muka tashi a hannunsu ba su da lokacin wannan zaman. Ku kalli Lingui na Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Chadi, wanda aka nuna a Cannes a 2021. A fim ɗin, Amina na farke tsofaffin tayoyin mota da wuƙa, ta zaro wayar ciki, ta saƙa murhun gawayi, ta ɗora a ka ta shiga titunan Njamena neman mai saye. Kyamara ta tsaya kan hannuwanta da zufarta, ba gaggawa. Da 'yarta mai shekara 15 ta yi ciki, mata ne suka rufa musu asiri. Kafin Amina ta buɗe baki ka riga ka san ko wace ce.

Barkwancin Kannywood ma abu ɗaya yake maimaitawa. Kullum kishiya, kullum uwar miji, kullum mace mai son abin duniya. Alhali rahar da ta fi daɗi tana tsakar gida, wajen zubin adashi da layin niƙa, inda bazawara ke ba da labarin tsohon mijinta har kowa ya riƙe ciki. Da wannan dariyar take samun ƙarfin tashi da asuba ta hura wutar ƙosai. Marubutanmu mata, irin su Balaraba Ramat Yakubu, sun daɗe da sa waɗannan matan a takarda. Furodusoshi su ba mata alƙalami da kujerar darakta, su kuma kai kyamara bakin kasko.