Ranar Haihuwar Mawaƙi da Amfaninta ga Mai Nazari

Wata al'ada ta yaɗu a jaridu da gidajen rediyo, watau jera sunayen mashahuran mawaƙa bisa ranakun haihuwarsu, a ce yau ce ranar wane, gobe ta wane. A ƙasashen da a ke rubuta haihuwa tun da daɗewa abin yana da tushe. An haifi Bob Marley na Jamaika ran 6 ga Fabrairu, 1945. An haifi Fela Kuti ran 15 ga Oktoba, 1938, shi ya sa a ke bikin tunawa da shi a Ikko a makon nan na Oktoba. Abin tambaya a nan shi ne ko ma'aunin nan ya dace da makaɗan Hausa na ƙarnin da ya wuce, da kuma abin da mai nazarin waƙa zai ƙaru da shi.

Da farko ya kamata a sani ko inda a ke da takardu ma a kan yi kuskure. Louis Armstrong, shahararren mabushin nan na Amurka, ya yi zamaninsa yana cewa ran 4 ga Yuli, 1900 aka haife shi, watau ranar bikin 'yancin ƙasarsu. Sai bayan rasuwarsa a 1971 aka binciko littafin cocinsu a New Orleans, aka ga ashe 4 ga Agusta, 1901 ne. To, in haka ta faru a birnin da ke da magatakarda, ina ga ƙauyen Tubali ko Musawa?

Ba wai Bahaushen dā bai damu da lokacin haihuwa ba ne, lissafinsa ne daban. Ranar mako tana cikin suna: Ɗanjuma, Ɗanladi, Talatu, Balarabe. Wata da yanayi ma haka: Azumi, Sallau, Marka. Shekara kuwa da wani babban abu a ke riƙe ta, a ce shekarar zuwan Turawa, 1903, ko ta yunwar Kakalaba, 1914, ko ta Marisuwa, 1918. Bayan wannan kuma, shekarar Hijira ta gaza ta Turawa da kwana 11, har shekara 33 ta wannan ta zama 32 ta waccan. Saboda haka tsohon da ya ce shekararsa 66 bisa ƙirgen azumi, a lissafin Turawa 64 ke gare shi. Wanda ya ɗebe 66 daga shekarar da suka yi hira ya riga ya kauce da shekara biyu.

Ga abin da wannan ya haifar. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an fi ba da 1923 a kan shekarar haihuwarsa a Musawa. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, waɗansu sun ce 1907, waɗansu 1909. Wannan saɓani ne ƙanƙane. Amma na Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya fi ƙarfin a kau da kai, gama waɗansu sun rubuta 1875, waɗansu 1890.

Kada a ɗauka gardamar banza ce. In a 1875 aka haifi Narambaɗa, to, sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato yana da shekara 28, ya ga sarauta da idonsa tun tana da takobi. In kuwa 1890 ne, yaro ne ɗan shekara 13, kirarin yaƙin da ke cikin waƙoƙinsa gado ne da ya ji a bakin manya, ya ɗora wa sarakunan En'e waɗanda aikinsu ya koma haraji da shari'a. Fassarar waƙa ɗaya sai ta rabu biyu bisa ga shekarar da mai nazari ya zaɓa. Ashe shekara tana da nauyi ƙwarai. Ita ce kuma ke nuna wanda ya tashi a fada kafin garmaho da rediyo, da wanda ya tashi tare da su, kamar Ɗan Maraya Jos, haifaffen 1946, wanda ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa.

Rana da wata kuwa, ba su ƙara wa nazari kome. Aibin jerin ranakun nan shi ne ba ya karɓar "wajen shekara kaza". Gurbi ne a takarda, tilas a cika shi. Sanannen abu ne mutane da yawa da aka haifa ba rajista sun sami 1 ga Janairu a fasfo don cika gurbi kawai. Da irin wannan rana ta shiga jarida, sai mai littafi ya kwafa, ɗalibi ya kwafa daga littafi, kafin a jima zato ya zama tarihi.

Abin da ya fi ranar haihuwar mawaƙi amfani shi ne shekarar haihuwar waƙa, wannan kuwa waƙar da kanta ta kan ba da shaida. Waƙar da Ɗanƙwairo ya rera a gaban Sardauna ba ta wuce Janairun 1966 ba. Wadda Shata ya kira Muhammadu Bashar Sarkin Daura a cikinta ba ta riga 1966 ba, shekarar da aka naɗa shi. Duk wadda ta ambaci komawar motoci hannun dama ba ta riga 1972 ba, mai ambaton naira da kwabo kuwa da wuya ta riga 1973. Da irin waɗannan alamu a kan jera waƙoƙin mutum daki daki, a ga inda salonsa ya nuna, da inda ya sake ubangida.

Don haka shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce, in za a rubuta wa ɗalibai shekarar makaɗi a allo, a faɗi wanda ya ba da ita da irin lissafin da ya bi. Inda aka sami ƙauli biyu a kawo su duka, a nuna abin da kowanne ke jawowa. Sa'an nan a tura ɗalibai wajen 'yan amshi da iyalan makaɗan nan da suka rage, su tambayi abin da ya faru a shekarar, tun masu riƙe da labarin suna da rai.