Jinjina ga Masu Tsara Fasahar Manyan Kamfanoni

Ba a cika jin sunansu ba, amma su ke tsara yadda manhajar albashi za ta yi aiki tare da ta sito. Tun 1968 masanin kwamfuta Melvin Conway ya lura cewa tsarin da ma'aikata ta gina yakan ɗauki siffar yadda mutanenta ke magana da juna. Shi ya sa gwani a wannan fage yake wuni a ɗakin taro: ya saurari akanta, ya lallashi injiniya mai taurin kai, ya bayyana wa shugaba haɗarin tsohuwar na'ura da lissafin kuɗi. Galibi ma ba shi da ikon ba kowa umarni, da haƙuri da amana yake jan mutane. Sannunku da ƙoƙari! Ba don ku ba, da kowane sashe ya sayi tasa manhajar, bayanan abokin ciniki ɗaya su warwatse wuri biyar.